Yadda Ake Kwana da Na'urar CPAP a Legas Idan Aleji Ya Toshe Hanci

Duk wanda likita ya ɗora a kan na'urar CPAP saboda ɗaukewar numfashi cikin barci ya san cewa rabin aikin a hanci yake. Ta nan na'urar take tura iskar da ke riƙe maƙogwaro a buɗe. Ranar da hanci ya toshe, sai mutum ya farka ƙarfe biyun dare, baki ya bushe ƙamas, ya fizge takunkumin na'urar daga fuska ya ajiye. Washegari minshari ya dawo, ciwon kan safe ya dawo, ga gyangyaɗi a cikin gosulo. Na daɗe ina kwana da wannan na'ura a garin nan, kuma abin da ya fi damuna shi ne yawan 'yan uwa da ke jingine ta wata guda cur da zarar atishawa ta kama su, alhali hancin ne yake buƙatar gyara.

Kafin komai, ka sani cewa yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet don ƙasashen sanyi aka rubuta su, inda ƙurar furanni ce babbar matsala. Mu a Legas yanayi biyu ne ke damunmu. Akwai ƙurar hunturu da busasshiyar iskarta daga Disamba zuwa Fabrairu. Akwai kuma danshin damina, wanda ke kai maƙura a Yuni da Yuli, ya sake dawowa a Satumba da Oktoba, ya raya fumfuna a bango da ƙananan ƙwarin katifa da ido ba ya gani. Abin da ke yi maka magani a ɗayan, shi zai cutar da kai a ɗayan. Wanda ya zo daga Kano ko Sakkwato zai ce hunturun Legas wasan yara ne. Gaskiyarsa, amma ya isa ya mai da farar filtar da ke tace iskar na'ura ruwan ƙasa.

Kayan da za ka tanada

Filta ta ajiya, aƙalla uku ko huɗu, daidai da samfurin na'urarka. Idan ka samu mai ƙananan ƙofofi wadda aka yi don masu aleji, ita ta fi.
Tataccen ruwa na kemis, wanda ake kira distil, don tankin na'ura da ke ƙara wa iskar danshi.
Gishiri, da bekin soda, da robar wanke hanci. Idan babu robar, babban sirinji marar allura ya wadatar.
Sabulun ruwa marar ƙamshi, da farin khal, da tsumma mai laushi.
Rigar filo biyu ko uku na canji.
Takunkumi mai rufe hanci da baki, idan naka na hanci kaɗai ne. Yana da tsada, amma shi ke ceton daren da hanci ya ƙi buɗewa.
Maganin da likitanka ya amince da shi. Za mu zo kansa.

Mataki na 1: Ka tabbatar aleji ne

Aleji yana zuwa da atishawa a jere, majina fara mai ruwa-ruwa, ƙaiƙayin hanci da ido da ganda, kuma babu zazzaɓi. Yana iya ɗaukar makonni, yana tashi idan an yi shara ko an buɗe tsohuwar akwatin kaya. Mura kuwa takan zo da ciwon jiki da na maƙogwaro, ta wuce cikin mako guda zuwa kwana goma. Akwai na uku da ake yawan ɗauka aleji ne: iskar na'urar kanta ta busar da hanci, shi kuma ya mayar da martani da kumburi da yoyo. Idan da safe kaɗai abin ke kama ka, kana cire takunkumi, ya lafa kafin azahar, to ka fara duba Mataki na 6.

Mataki na 2: Gyara ɗaki da mazaunin na'ura

Na'urar ba ta ƙirƙirar iska. Ta ɗakinka take zuƙa, ta tura maka ita har asuba. Don haka kada ka ajiye ta a ƙasa ko a kan kafet. Ɗora ta a kan ƙaramin tebur, ɗan ƙasa da tsayin kanka, nesa da taga da labule, a bar tazara tsakanin bango da gefen da filta take. Da rana a rufe ta da tsumma mai tsabta.

Shara da tsintsiya a ɗakin kwana da yamma kuskure ne. Ƙurar da aka tayar tana daɗewa tana yawo. A goge da jiƙaƙƙen tsumma da safe, a haɗa da fukafukan fanka, domin nan ƙura ke taruwa ta zubo maka da dare. Idan akwai esi, a riƙa wanke ragarta.

Yanzu ga maganar da na san ba za ta yi wa uwargida daɗi ba: turaren wuta. Ɗakin da aka turara bayan isha'i, hayaƙin nan kai tsaye zai bi tiyon da ya haɗa na'ura da takunkumi ya shiga hancin da dama a kumbure yake. A lallaba a roƙi alfarma, a mayar da turaren falo, ko a yi shi da hantsi a buɗe taga. Haka maganin sauro na kunnawa da na fesawa. Filtar na'ura ƙura take tarewa, ba ta tare hayaƙi ko guba. Gidan sauro ya fi, kuma ana iya shigo da tiyo ta ƙarƙashinsa. In ya zama dole a fesa, a fitar da na'urar daga ɗakin tukuna, a bari iska ta ratsa sosai kafin a dawo da ita.

Da damina, leƙa bayan durowa da ƙarƙashin gado. Baƙin tabo a bango, ko warin gumi a takalma da jakunkuna, fumfuna ce, a goge a fitar da kayan. Zanin gado da rigar filo a wanke su duk mako da ruwan zafi, domin ƙwarin katifa sai zafi ya kai wajen digiri 60 suke mutuwa. Ranar da aka dace da rana mai ƙarfi, a fitar da filo da katifa su sha. Kyankyaso ma yana cikin manyan masu tayar da aleji, musamman a gidajen haya da ake haɗa kicin, don haka kada a kwana da kwanon abinci a ɗaki.

Kai ma kanka ɗauke kake da ƙura. Wanda ya yini a Mile 12 ko Alaba Rago, ko ya ratso Oshodi da yamma, ya yi wanka kafin ya kwanta, ya wanke gemu da gashin kai, ya bar kayan da ya yini da su a wajen ɗaki.

Mataki na 3: Filta

Ka buɗe ƙaramar ƙofar da ke gefe ko bayan na'ura duk ranar Juma'a, ka ciro filtar ka ɗora ta kusa da sabuwa. Idan launi ya bambanta, canza. Takardar kamfani na iya cewa wata ɗaya ko fiye, amma ba su yi lissafi da hunturu da hayaƙin janareto ba. A nan, mako biyu ya isa ta gaji. Farar filta mai kama da takarda ba a wanke ta, yarwa ake yi. Ta soso ita ake wankewa da ruwa, a bari ta bushe sarai kafin a mayar. Jiƙaƙƙiyar filta gidan fumfuna ce. Idan sabuwa ta yanke maka, kaɗe tsohuwar a waje ka mayar na ɗan lokaci. Kada ka cusa auduga ko tishu a wurin, kada kuma ka kunna na'ura babu filta.

Masu na'urar da wani ya taɓa amfani da ita, wadda aka sayo tokumbo, su duba samfurinta. A Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye wasu na'urorinsa, har da DreamStation ta farko, saboda soson da ke rage ƙara a cikinsu yana iya rududdugewa, kuma zafi da danshi suna ƙara lalata shi. Idan ka ga baƙaƙen ɓarɓashi a tiyo ko a tanki, kai maganar gaban likita ba da jinkiri ba.

Mataki na 4: Wanke hanci

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne araha, kuma a ganina shi ya fi kowanne aiki. Shaƙar ruwa a alwala bakin hanci take wankewa, wannan kuwa har ciki yake ratsawa.

Haɗa gishiri cokalin shayi uku da bekin soda cokali ɗaya a busasshiyar kwalba, ka ajiye. Bekin soda nake nufi, ba kanwa ba, ba kuma bekin foda na kek ba. Idan babu sodar, gishirin kaɗai zai yi, sai dai ya fi ɗan zafi. Duk lokacin wanki, ka ɗebi cokalin shayi ɗaya na haɗin ka zuba a ruwa kofi ɗaya, wajen mililita 240.

Maganar ruwa babu sassauci a cikinta. Ruwan famfo, na rijiyar burtsatse, na 'yan garuwa, har da fiya wata, duk sai an tafasa su minti uku zuwa biyar, a bari su huce su zama ɗumi-ɗumi. Ciki yana da sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta, hanci ba shi da shi, kuma akwai wata ƙwaya da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi wadda in ta bi ta hanci tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa. Ba ta da yawa, amma wanda ta kama da wuya ya tsira. Ruwan da ka tafasa kada ya wuce kwana ɗaya a rufe.

Ka sunkuya a kan baho, ka karkata kai gefe ɗaya, baki a buɗe kana numfashi ta nan. Sa bakin robar a ƙofar hancin da ke sama, ka matsa a hankali. Ruwan zai fito ta ɗaya ƙofar, wani lokacin ta baki, ka tofar. Rabi a nan, rabi a can. Sannan ka fyace a hankali, ba da ƙarfi ba, don kada ruwa ya tafi kunne. Ranar hunturu za ka ga abin da ya fito launin ƙasa-ƙasa ne. Idan ya yi maka zafi, rage gishiri. Idan kunne na ciwo, ko hancin ya toshe gam ruwa ba ya wucewa, dakata.

Lokaci yana da muhimmanci. Ka yi shi aƙalla awa ɗaya kafin kwanciya, misali tsakanin magariba da isha'i, domin sauran ruwan yakan ci gaba da gangarowa, ga ruku'u da sujada suna taimaka masa fita. Wanda ya wanke ya sa takunkumi nan take, a cikin takunkumin ruwan zai zubo. Robar kuma a wanke ta da sabulu a kife ta bushe, kuma ba a aron ta.

Mataki na 5: Magani

A nan ne aka fi yin ɓarna, saboda kemis yana bakin layi, likita kuwa yana nesa.

Feshin hanci iri biyu ne, kwalabensu sun yi kama, aikinsu ya sha bamban. Na farko mai rage kumburi a hankali, irin su fluticasone da mometasone. Shi ne ginshiƙin maganin aleji na hanci. Ba ya aiki a daren farko, yana ɗaukar kwanaki, wani lokacin har mako biyu kafin ya kai ƙarfinsa, kuma kullum ake yin sa. Shi ya sa mai hikima yake fara shi tun ƙarshen Nuwamba, ko tun ruwan farko, bayan ya yi magana da likitansa. Yadda ake fesawa: bayan wankin hanci da kamar minti goma sha biyar, girgiza kwalbar, ɗan sunkuyar da kai, riƙe da hannun dama ka fesa a hancin hagu, da hagu ka fesa a dama, bakin kwalbar yana kallon wajen kunne. Idan ka saita shi a bangon tsakiyar hanci, haɓo zai biyo baya. Shaƙa kaɗan, kada ka zuƙe shi ya wuce maƙogwaro.

Na biyu shi ne mai buɗe hanci nan take, irin su xylometazoline, wanda aka fi sani da Otrivin, da oxymetazoline. Cikin mintuna hanci ya buɗe wayam, mai CPAP ya ji kamar an yaye masa bala'i. To kada ya wuce kwana uku a jere. Bayan nan hancin yakan saba, maganin na sakinsa sai ya toshe fiye da da, mutum ya koma ba ya iya barci sai da kwalba a ƙarƙashin filo. Ka ajiye shi don daren da abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

A ƙwayoyi, loratadine da cetirizine da fexofenadine suna rage atishawa da ƙaiƙayi, amma ba su cika buɗe toshewa ba. Cetirizine takan sa wasu barci. Piriton da 'yan uwansa na da can suna sa maye da nauyin kai har washegari, ga busar da baki. Direban tirela ko tanka da zai tashi Apapa da asuba ya yi nesa da su. Magungunan mura masu haɗi da yawa suna ɗauke da pseudoephedrine, wanda ke ɗaga hawan jini ya kuma hana barci, ga shi da yawa daga cikinmu masu wannan lalura dama muna fama da hawan jini. Karanta kwali, ko ka tambayi mai ilimin magunguna. Maganin barci da na tari mai sa maye suna sassauta naman maƙogwaro, su ƙara ɗaukewar numfashi. Mai juna biyu, da mai hawan jinin ido, kada su fara komai sai da izinin likita.

Robb, Aboniki da man zafi kowane iri, kada su shiga tankin ruwa, kada su taɓa filta ko robar takunkumi. Sanyin da suke sa ka ji ba buɗewar hanci ba ne, kuma suna ƙara fusata fatar ciki. Basilin ma kada a cusa shi a hanci, yana cin robar, kuma mai ne da iska ke iya turawa huhu. Idan hanci na tsagewa, akwai jel mai ruwa na hanci a kemis.

Mataki na 6: Saita danshi daidai da yanayi

A na'urorin kamfanin ResMed irin AirSense 10, danshi yana tafiya daga 1 zuwa 8, kuma a kan 4 suke zuwa. Da hunturu, idan kana tashi da bushewar hanci ko ɗan jini a majina, ƙara mataki ɗaya, ka kwana biyu a kai kafin ka sake taɓawa. Da damina kuwa iskar Legas a jiƙe take tun daga waje, sau da yawa danshinta ya haura kashi 80 cikin ɗari. Ƙara mata ruwa sai ya sa hanci ya yi nauyi. Rage zuwa 2 ko 3, wasu ma kashe ɗumamawar suke yi gaba ɗaya. Banda mai kwana a esi, domin esi yana busar da ɗaki ko da ana tsuga ruwa a waje.

Shi mai esi matsalarsa daban. Iska mai ɗumi tana bi ta tiyo mai sanyi, sai ta zama ruwa, ka ji ƙur-ƙur-ƙur a tiyo, ɗigo ya sauko maka a fuska. Tiyo mai ɗumama kansa yana magance wannan. Idan babu, yanke tafin tsofaffin safa masu tsabta ka zura su a jikin tiyon, ka kawar da shi daga saitin esi, ka kuma tabbatar na'ura tana ƙasa da kanka don ruwan ya koma tanki.

Ruwan tanki a zubar da shi kowace safiya. Idan tataccen ruwa ya yanke, ruwan gora da aka tafasa ya huce zai riƙe ka, sai dai zai bar farin dabbare a gindin tanki. Kada ka tari ruwan da ke ɗiga daga esi. Na batir da ake sayarwa a bakin titi ma ka bar shi, domin ba don numfashi aka tanade shi ba, kuma ana iya rikita shi da mai asid.

Ƙarfin iskar kuwa, wanda ke tsakanin 4 da 20, likita ne ya saita shi bisa gwajinka. Kada toshewar hanci ta sa ka shiga ka murɗa shi.

Mataki na 7: Takunkumi a daren toshewa

Idan bayan wanki da feshi har yanzu da baki kake numfashi, ɗauko mai rufe hanci da baki. Ka shiga saitin na'ura ka gaya mata ka canza takunkumi. Gwada shi da rana kana zaune, kafin daren buƙata. Masu gemu za su ga iska na zurarewa ta ƙasa. A taje gemun ya kwanta, a ɗaure maɗauri daidai, kada a ƙulle shi tamau, domin matsewa fiye da kima tana lanƙwasa robar ta ƙara yoyo. Ƙyallen auduga mai laushi da aka yanka daidai da bakin takunkumi yana taimakawa, yana kuma tsotse gumi. Maɗaurin haɓa da manne baki da filasta, a bar su a irin wannan dare. Ba a rufe baki alhali hanci a toshe yake.

Ɗaga kai da ƙirji kaɗan, da filo biyu ko da wani abu a ƙarƙashin katifa. Idan ɓangare ɗaya ne ya toshe, kwanta ya zama shi ne a sama.

Mataki na 8: Wanki

Robar takunkumi kullum da safe, da sabulu marar ƙamshi. Tiyo da tanki da maɗauri duk mako. Dabbaren tanki yana fita da khal kashi ɗaya a ruwa kashi goma. Banda Dettol, Izal da bilic. Injinan tsabtacewa masu aiki da iskar ozon ma ka bar kuɗinka, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kansu tun 2020.

Wahalar Legas ita ce shanya. Da damina tiyo yana iya yini a rataye bai bushe ba. Wanke shi da sassafe, ka kaɗe, ka rataye shi a ƙarƙashin fanka bakunansa biyu suna kallon ƙasa. In dare ya yi da sauran laima, jona shi a na'ura babu ruwa a tanki, ka bar iska ta bi ta ciki na ɗan lokaci. Kada a shanya roba a tsakiyar rana, kada kuma a waje da hunturu.

Mataki na 9: Idan an ɗauke wuta

Ɗumama ruwa da tiyo su suka fi cin wuta. Idan a kan inbata ko batir kake, kashe su, amma ka bar ruwa a tanki, iskar da ke bi ta kansa za ta ɗan ɗebi laima. Janareto kuwa, naka ko na maƙwabci, ya kasance a fili, nesa da taga da ƙofa. Hayaƙinsa yana da gubar da ba ta da wari, tana kisa cikin barci, kuma babu filtar da ke tare ta. Idan iska na kaɗo shi wajenka, rufe tagar wannan ɓangaren.

Mataki na 10: Duba allo, ka san lokacin asibiti

Kowace safiya leƙa allon na'ura. Lambar AHI, wato sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a awa ɗaya, ana so ta zauna ƙasa da 5. A ResMed, zurarar iska da ta haura lita 24 a minti tana nuna baki na buɗewa ko takunkumi bai zauna ba. Idan lambobin sun tashi tare da atishawa kuma suka ƙi sauka bayan mako biyu kana bin matakan nan, je ka ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai sashensu a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja. Tafi da katin da na'urar ke ajiye bayanan barcinka a kai, da kwalaben duk maganin da kake amfani da shi.

Kada ka jira mako biyun idan akwai zazzaɓi da ciwon fuska da majina mai kauri, ko haɓo mai maimaituwa, ko ɓangare ɗaya kaɗai ne ke toshewa kullum, ko ƙirji na kuka numfashi na yin wuya, domin aleji da asma sukan tafi tare. Duk daren da ka kasa kwana da na'urar gaba ɗaya, ka kwanta a gefe da kai a ɗage, washegari kuma kada ka riƙe sitiyari a doguwar tafiya.